Mai sana'a ba ta gama koyo: darasin da zannuwan gado 14 suka ba mu

 

Bara waccan, ranar Alhamis ta biyu bayan sallar layya, mun taru kamar yadda muka saba a tsakar gidan ma'ajiyarmu. An shimfiɗa tabarmi, an fito da akwati, masu riƙe da makulli su uku kowace ta buɗe kwaɗonta. Ranar biyan bashi ce. Sai ga mata shida daga cikinmu sun shigo da ƙunshi a ka, suka sauke kusa da akwati. Zannuwan gado ne masu aikin zare, guda 14, an ninke su tsaf. Ko ɗaya bai fita ba. Kowane zane ya ci kayan jika 6, kuma duk daga akwati aka ɗauki kuɗin. Jika 84 ke nan na guminmu kwance bisa tabarma.

Cikin shidan nan har da dattijuwar da ta koya wa yawancinmu riƙon allura. Inna muke ce mata dukanmu. Uku daga cikin zannuwan nata ne. Da aka zo kanta sai ta ce: "Ɗiyana, ni hwa tun ban yi aure ba nike wanga aiki, ban taɓa kai shi kasuwa ya dawo mini ba. Ku ba ni zuwa kasuwa mai zuwa, in saida akuyata in biya ku." Akuyar nan ja ce, ita kaɗai gare ta, ga ta da ciki. Wuri ya yi tsit, ba wadda ta iya duban fuskarta.

Mun rubuto wannan labari don mun san ba mu kaɗai abin ya taɓa samu ba. Masu saƙar tabarma, masu ginin tukwane, masu ɗinkin hula, masu sabulu da turaren wuta, kowace ta san ranar da ta kai kaya kasuwa ta dawo da su. A ƙungiyoyinmu mun iya zubi, mun iya ba da bashi, mun iya rabo a ƙarshen shekara. Abin da muka daɗe ba mu kula da shi ba shi ne sana'ar da bashin ke shiga. Mun ɗauka wadda ta iya ta iya ke nan har abada. Zannuwan nan 14 su suka nuna mana ba haka ba ne.

Me ya sa kaya suka ƙi fita?

Da farko mun ce babu kuɗi a gari. Wasu suka ce baki ne. Sai ƙaramar cikinmu, yarinyar da ta yi lakwal har aji shida, ta ce: "Yaya, to me ya sa ba za mu tambayi waɗanda suka ƙi saye ba?" Maganar ta yi mana nauyi, don ba mu saba tambayar mai saye laifin kayanmu ba. Amma matambayi ba ya ɓata. Muka tura mata biyu da zane ɗaya, suka shiga gidajen da aka yi buki a wannan shekara, suka zauna da iyayen amare da amaren kansu.

Amsar da suka kawo kashi huɗu ce. Na ɗaya, awonmu na tsohon gadon ƙarfe ne, amaren yanzu kuwa babbar katifa mai wuri uku ake sa musu, zanenmu ba ya rufe gefenta. Na biyu, jan zaren da muke aiki da shi yana zuba. Wata uwa ta fito da zanen da ta saya wurinmu shekarar da ta gabata, wanki biyu kawai aka yi masa, furen ya ɓata farin. Ba ta taɓa gaya mana ba don kunya, sai dai ba ta sake saye ba, kuma ta gaya wa maƙwabtanta. Na uku, a kasuwa akwai zanen kanti mai bugun inji, haɗe da rigunan matashi, kuɗinsa bai kai namu ba. Na huɗu, amare yanzu a waya suke ganin kayan ɗaki. Ƙawa tana Yamai ko Kano ta turo hoto ta WhatsApp, gobe amarya ta ce irinsa take so. Mu kuwa furen da Inna ta koya mana fiye da shekara 15 shi muke ta maimaitawa.

Akwai kuma abin da mu da kanmu muka sani muka yi shiru. Yawancin yadi da zaren da muke saye ta Kano suke zuwa. An rufe iyaka daga watan Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta a 2023. Kowane karo kaya sun hau, kuma ba su dawo inda suke ba. Amma mu kuɗin zanenmu bai motsa ba, don muna jin nauyin ƙara wa ƴan unguwa.

Ranar da muka ɗauki kaye da bik

Mako na gaba muka zo da kaye, muka ce bari mu lissafa zane ɗaya, a ce ma ya fita. Yadi jika 4. Zare jika 1 da rabi. Kuɗin mota zuwa kasuwa da dawowa dala 100. Duka jika 6. Muna saida shi jika 7 da rabi. Kowa ta ce riba jika 1 da rabi ke nan, alhamdu lillahi.

Sai magatakardarmu ta ce a dakata. Jika 6 ɗin nan bashin akwati ne, kuma mu muka yanke cewa duk wata ana ƙara wa akwati kashi ɗaya cikin goma, wato dala 120. Daga sayen yadi zuwa karɓar kuɗi yakan ɗauki wata biyu: dala 240 ke nan. A fidda su daga jika 1 da rabi, saura dala 60. Kwana nawa ake aikin zane ɗaya? Inna ta ce kwana 12, in ba a yi rashin lafiya ba. A raba dala 60 gida 12, kowace rana dala 5 ta tashi. Dala 5, kuɗin da ko ƙullin gishiri da maji ba zai saya ba, shi ne ladan ido da baya na yini guda.

Wata ta yi dariya, wata ta riƙe baki. Inna ta ce: "Ashe shekara da shekaru kyauta nike yi." Ba wanda ya cuce mu, ƴan uwa. Ba mu taɓa zama mun lissafa ba ne kawai, don ba wanda ya taɓa koya mana cewa kwanakin aiki su ma kuɗi ne.

Labarin matan Amurka masu albam

A cikin waɗannan kwanaki aka kira shugabannin ƙungiyoyi wani horo na kwana uku a garinmu. Da muka ba malamar labarin zannuwanmu, sai ta ba mu wani labari daga nesa, wanda muka ga ya kamata ku ma ku ji.

A Amurka akwai sana'ar da mata suka fi yawa a cikinta, ta shirya albam mai ado. Suna manna hotunan iyali a babban littafi, su rubuta suna da rana da abin da ya faru ƙarƙashin kowane hoto, su ƙawata shafin da takarda mai launi da guntun ƙyalle. A 1981 wata mata a jihar Yuta ta buɗe shagon saida kayan wannan aiki. A 1987 wani kamfani mai suna Creative Memories a jihar Minesota ya fara ɗaukar mata wakilai. Kowace sai ta tara maƙwabta a ɗakinta, ta koya musu aikin, sannan ta saida musu kayan. Abin da ya ɗaga sana'ar ilimi ne. Matan sun koyi cewa takarda da gam na yau da kullum suna da wani sinadari mai tsami da ke cin hoto har ya dushe, sai a nemi takarda da gam marasa shi. Wadda ta san wannan ita ake zuwa wurinta. Sana'a ta bunƙasa, shaguna suka cika garuruwa.

Sai hoto ya bar takarda ya koma cikin kwamfuta da waya. Mutane suka rage wanke hoto, suka koma nuna shi a Facebook. Tattalin arzikin ƙasar ya faɗa cikin matsala a 2008. A wannan shekara kamfanin nan ya shiga hannun kotu saboda bashi, ya sake shiga a 2013, kafin wasu su saye shi su sake tada shi. Ƙananan shaguna da yawa suka rufe. Cikin waɗanda suka tsira, da dama sun maida shagonsu wurin darasi da taruwar mata, suka koyi yin katin gaisuwa da katin buki da kayan da suke da su, suka koyi saidawa ta intanet. Masu sana'o'in hannu a can suna da babban baje koli duk shekara, kuma a cikinsa ana ware lokacin darasi iri biyu: ɗaya na sabon aikin hannu, ɗaya na yadda ake tafiyar da shago, sa kuɗin kaya da riƙe masu saye. Mace mai shekara 20 a sana'a takan biya kuɗi ta zauna a benci ta koya.

Da muka ji haka sai muka tuna da namu. A da, in ka shiga ɗakin amarya, bayan ruwa albam ake miƙo miki. Yanzu waya ake miƙowa. Ashe iskar da ta kaɗa su ita ce ta kaɗa zannuwanmu. In mata masu shaguna da wutar lantarki da ba ta ɗaukewa suna komawa benci, mu me zai hana mu?

Koyon hannu

Abin da muka fara gyarawa aikin kansa ne, kuma yawancinsa ba mu biya ko dala ba.

Yanzu ba ma yanka yadi sai mun auna katifar mai saye da igiyar awo, mu ƙara abin da za a cusa ƙarƙashin katifa a kowane gefe. Muna wanke yadi kafin mu yanka, don na auduga yana tsukewa a wankin farko. Duk sabon zare sai mun gwada shi: a jiƙa ɗan guntu a ruwan ɗumi da sabulu, a matse shi cikin farin ƙyalle. In ƙyallen ya ɗauki launi, zaren na zuba ne, a maida wa mai shago. Wani tela a unguwarmu ya nuna mana yadda ake kalmasa baki ya kwanta daidai, ya kuma ce mai saye na gari bayan aiki take juyawa ta duba, don a nan ake ganin ƙulli da ragowar zare.

Sannan muka ɗauki dubarar matan albam muka maida ta tamu. Mun sayi babban kaye mai bango mai ƙarfi, muka sa masa suna littafin samfur. Duk aikin da ya fita daga hannun ɗayanmu yana da shafinsa. Muna manna guntun yadin, mu ɗinke silin kowane zare a gefe, mu zana furen da fensir. A ƙasa a rubuta ranar da aka fara, ranar da aka gama, abin da ya ci, abin da aka saida shi, da abin da mai saye ta ce. Waɗanda ba su iya rubutu ba su ke manni da zane, masu karatun yaƙi da jahilci su rubuta. Yanzu in uwar amarya ta zo, littafin muke buɗe mata ta zaɓa. Mu kuma in muka juya shafuka muna ganin launin da ke fita da wanda ke kwana.

Wani amfanin da ba mu zata ba: furannin Inna, har da waɗanda ta koya wurin kakarta, duk sun shiga littafin. Da ba don haka ba, ranar da idonta ya gaza sun tafi ke nan. Kuma da muka rage girman wani tsohon furenta muka sa shi a bakin rigar matashi da zare shuɗi mai duhu, shi ne ya fi kowane fita.

Koyon lissafi

Kashi na biyu ya fi wuya, don yana taɓa hali. Ga abin da muka tsayar a ƙungiyarmu.

Kuɗin kaya ƙafa huɗu gare shi: abin da aka saya, kuɗin zirga-zirga, ƙarin akwati in bashi ne, da ladan hannu. Mun yanke cewa ladan hannu kada ya gaza dala 50 a yini. Wannan mu muka ga ya dace da garinmu, ku ma sai ku duba naku. Ku tambayi kanku abin da mace za ta samu in ta yi wannan yini tana suyar ƙosai ko matsar man gujiya. In an haɗa ƙafa huɗun kasuwa ta ƙi biya, to ko a rage kwanakin aiki, ko a bar wannan kaya a koma wani.

Da wannan awo muka gano ƙananan kaya sun fi mana. Rigar matashi guda biyu tana cin kayan jika 1 da aikin kwana 3, muna saida su jika 1 da dala 150. Dala 50 ke nan a yini, kuma kuɗin ba ya kwana wata biyu a waje. Haka jakar waya da zanen goyo. Babban zanen gado yanzu ba ma yin shi sai an yi oda, an kuma ba da kafin alƙalami, rabin kuɗi a hannu.

Mun koyi duban lokaci. Kayan amare bayan kaka suka fi fita, sa'ad da hatsi ya shigo aka fara bukukuwa. Kayan yara gab da sallar azumi. Wadda ta ɗauki bashi a tsakiyar damina don kayan ado, ita da akwati duk za su jira.

Mun koyi raba jaka biyu, ta sana'a daban, ta cefane daban. In an taɓa ta sana'a don magani ko gudummuwar buki, a rubuta, a san bashi ne. Bashin da muke ba masu saye ma a rubuta shi a gaban mai shi, da ranar biya.

Sai wani ƙaramin abu da ya taɓa jawo mana rigima. Da baki dala muke ƙirgawa, amma a takarda da cikin waya tamma ake rubutawa. Dala 100 ita ce 500. Wata baƙuwa ta taɓa yin odar jakunkuna ta waya, aka rubuta mata 300 ana nufin dala, ita ta ɗauka tamma ce. Tun daga ranar muka ce a kaye ɗaya ƙirga iri ɗaya za a yi, a kuma rubuta a shafin farko wace iri ce.

Ina ake koyo?

Makaranta ta farko tana cikin ƙungiya. Mu 28 ne, da muka zauna kowace ta faɗi abin da ta iya, sai ga mai rini, ga mai saƙar kwarashi, ga mai iya ɗaukar hoto da waya. Wannan ta ƙarshe ta koya mana a shimfiɗa kaya a inuwa da hantsi, bisa tabarma mai tsabta, a goge idon wayar kafin a ɗauka.

Ta biyu ita ce ƙungiyoyin maƙwabta. Tsarin Mata Masu Dubara da ya faro a jahar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE ya bazu har ƙasashe da yawa, kuma ta hanyar mace ta koya wa mace ya yi tafiya mai yawa. Sana'a ma haka za ta iya. Ƙasarmu cike take da gwanaye: masu tabarmar kaba a Madawa, masu tukwane a Mirya, masu aikin fata a Damagaram, ga fatar jar akuyar Maraɗi da aka san ta har ƙasashen waje. Musanya muke yi: mu koya muku aikin zare, ku koya mana sabulu.

Ta uku ita ce ta hukuma. A garuruwa da yawa akwai cibiyar koyon sana'a da ake kira CFM, akwai kuma gidajen mata da ake koyon ɗinki da saƙa. Akwai asusun gwamnati mai suna FAFPA da ke tallafa wa horon masu sana'a, akwai majalisar masu sana'ar hannu ta ƙasa, CMANI. Ku je ofishin magajin gari ku tambaya, ku tafi da takardar ƙungiyarku, don ƙungiya mai takarda an fi saurarenta. A Yamai akwai ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata, akwai kuma baje kolin SAFEM na sana'o'in mata, inda mata daga jahohi da ƙasashen maƙwabta ke kawo kayansu. Ko ba ku da abin saidawa, in ɗayarku ta samu hanya ta je ta zagaya, ta juya bayan kayan wasu, ta tambayi kuɗi, ta dawo da labari.

Amma a yi hattara, ba kowane horo ne horo ba. Mun taɓa zuwa wani inda aka yi kwana biyu ana magana da Faransanci, aka raba kuɗin zama da takardar shaida, muka dawo ba mu taɓa allura ba. Wani kuma ya zo ya koya wa ƙungiyoyi biyar a unguwa ɗaya yin sabulun ruwa, ya saida musu kayan haɗi, wata biyu bayan nan kowane gida na saidawa babu mai saye. Yanzu kafin mu tura kowa muna tambaya: da wane harshe za a yi? Za a yi aiki da hannu ko saurare kawai? Kayan aikin ana samun su a kasuwarmu? Wa zai sayi abin in an yi? Mata nawa ne a garin suka riga suka koya?

Asusun koyo

Koyo yana cin kuɗi, ko da na mota ne da na abin gwaji. Don haka bayan zubi da asusun taimako, muka buɗe na uku, asusun koyo. Kowace mace dala 5 a mako. Mu 28, dala 140 ke nan duk Alhamis. A mako 40 ya tashi jika 28. Ba a ba da bashi daga cikinsa, ba a raba shi a ƙarshen shekara.

Dokokinsa uku ne. Mata biyu ake turawa, mai hannu da mai rubutu, don abin da ido ya manta kaye ya riƙe. In sun dawo, cikin mako biyu za su koya wa saura, wadda ta ɓoye ta maido kuɗin. Sannan ba mutum ɗaya ce kullum ke tafiya ba, ana zagayawa, har shugaba ma sai ta jira layinta.

Ba mu ce komai ya tafi sumul ba. Akwai wadda maigidanta ya hana ta zuwa horon kwana biyu a wani gari. Ba mu yi gardama da shi ba. Muka tura Inna da wata dattijuwa suka gaishe shi, suka nuna masa littafin samfur da lissafin matarsa, suka ce tare da ƙanwarsa za ta tafi. Ya yarda a karo na biyu. Wata kuma har yau ba a bar ta ba, sai mu kai mata darasin gida. Waɗanda suka tafi, saura na karɓar yaransu da girkinsu. Akwai kuma kishi irin namu na mata, kowace na tsoron in ta koya wa wata za ta ƙwace mata masu saye. Maganin da muka samu shi ne raba aiki: wasu rigar matashi, wasu zanen goyo, wasu jaka, don kada mu taru a kan kaya ɗaya mu karya wa juna kasuwa.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne yadda Inna za ta ji in yarinyar da ta yi jika da ita ta zo tana nuna mata awo. Ranar farko ta zauna gefe ba ta ce komai ba. Rana ta biyu ta kira yarinyar ta ce: "Taho nan ɗiyata, gwada mini wagga igiya taku. An ce gemu ba ya hana ilimi, to furfura ma ba ta hanawa." Yanzu ita ce ke fara tambaya in waɗanda aka tura sun dawo.

Ƙarshen zannuwan

Za ku so ku ji yadda aka ƙare da guda 14 ɗin nan. Ƙungiya ta zauna ta yafe ƙarin akwati, ta ba matan shida wata uku. Biyar muka saida su a uwar kuɗi ga masu ƙaramin gado. Tara muka wanke su da kyau har zaren ya gama zubarsa, muka yanke inda bai ɓaci ba muka fidda rigunan matashi da zanen goyo. Da aka tattara komai, jika 71 suka dawo akwati. Jika 13 sun tafi, muka raba asarar a tsakaninmu ranar rabo, kowace ta ji a jikinta. Akuyar Inna ba ta je kasuwa ba, ta haifi biyu a wannan kaka.

Ga roƙonmu gare ku, ƴan uwa. A zamanku mai zuwa, bayan an rufe akwati, kada a watse. Mace ɗaya ta kawo abu ɗaya da take saidawa, ko tabarma ce, ko ƙuli-ƙuli, ko hula. A ɗauki kaye a lissafa ƙafafunsa huɗu a gaban kowa, a raba abin da ya saura da kwanakin aiki. Mako na gaba wata ta kawo nata. Sannan ku tura mata biyu su tambayi waɗanda suka daina saye a wurinku, su saurara ba tare da fushi ba. Abin da kuka gano ku aiko wa wannan jarida tamu, da abin da ƙungiyarku ta iya wanda za ta koya wa wata. Mu namu aikin zare ne da littafin samfur, ƙofarmu a buɗe take duk Alhamis bayan la'asar.

Allah ya sa albarka a hannuwanmu da akwatunanmu, ya ba mu masu saye na gari. Amin.